Hammalin da Na Ce Ban Sani Ba

Bana shekara arba'in da biyar ke nan da rasuwar yayana Hamza. Na ƙirga da yatsu na sake ƙirgawa, don har yau in wani ya rangaɗa sallama da babbar murya a bakin ƙofa, sai in ɗauka shi ne. Yanzu na girme shi da shekara talatin da 'yan kai, ga ni tsoho da sanda ina kiran mutumin da bai kai hamsin ba Yaya. Mai kula da wannan shafi ya roƙe ni in rubuta wa magoya bayan ƙungiyarmu wani abu a kan tafiye-tafiyenta na Turai a zamanin da, don ya ji labarin akwai wani kundi a hannuna. Kundin yana nan. Sai dai ba nawa ba ne, kuma ba zan buɗe muku shi ba sai na faɗi yadda ya zo hannuna, duk da cewa labarin bai yi mini kyau ba ko kaɗan.

Ba zan kira sunan ƙungiyar ba, ku masu karanta wannan shafi kun san ta. Yaya ma bai taɓa kiran sunanta ba, "yaranmu" yake cewa, kamar shi ya yi musu wankan jego.

A Jidda aka haife mu. Babanmu ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa, ya yi shekaru a hanya, ya sauke farali, ya zauna. Da ya rasu ina ƙarami, Yaya ya shiga mina, wato tashar jiragen ruwa, ya zama hammali, ɗan dako. Da gadon bayansa na yi karatu. Shi allo kawai ya yi, amma ajaminsa kyakkyawa ne kamar na malamin zaure. Ya buga ƙwallo da ƙuruciya a filin gishirin da ke kudancin gari, ba takalmi, ɗan baya ne, har buhuna suka cinye masa gwiwa ya bari.

Wani kuku na jirgin kaya ne ya jefa shi cikin wannan ƙauna. Jirgin yana zuwa daga wani birnin bakin teku na ƙasar Turawan Ingila, yana komawa, yana dawowa. Wata rana kukun ya miƙo masa burodi a naɗe cikin jarida, Yaya ya tsaya yana kallon hoton mutum goma sha ɗaya da ke jiki. Kukun ya nuna hoton, ya bugi ƙirjinsa. Yaya ma ya nuna hoton, ya bugi nasa ƙirjin. Shi ke nan mubaya'ar, babu kalma ɗaya da ta shiga tsakaninsu. Daga ranar, duk zuwan jirgin sai kukun ya sauko masa da damin tsofaffin jaridu ɗaure da igiya.

Shekaru ya yi yana kallon hotuna kawai. Ya yanyanka takardun buhun siminti daidai wa daida, ya ɗinke da zaren buhu, ya yi bango da kwali, yana liƙa abin da ya yanko da ƙaro. Sai da na gama makaranta na samu aikin akawu a wani kamfanin dillancin jiragen ruwa, Turancina ya nuna, sannan kundin ya samu baki. Kowace Juma'a bayan la'asar muna haɗuwa a wata gahawa, wato gidan shan shayi, a Balad, tsohuwar unguwar cikin gari, shi da abokan dakonsa uku ko huɗu, da Malam Bashir tela, Bahaushen Sudan. Ni in karanta in fassara, Yaya ya rubuta abin da na faɗa da ajami a ƙarƙashin kowace takarda.

Akwai doka a wannan zama. Jaridun kan iso bayan makonni da yin wasa, Malam Bashir kuwa yana da rediyo, ya san sakamako tun tuni. Amma a wurin Yaya, wasan da jaridarsa ba ta sauka a mina ba, ba a buga shi ba tukuna. Malam Bashir zai zauna yana murmushin mugunta yana kaɗa ƙafa, Yaya ya nuna shi da yatsa: "Ya Bashir, wallahi ka buɗe bakin nan, ni da kai halas." Haka nan za mu bi jaridun ɗaya bayan ɗaya bisa kwanan wata, har da na ranakun da ba a yi komai ba sai hasashe, don kada mu riga yaranmu isa filin.

Yaya bai taɓa taka Turai ba, amma ya ɗauke ta a ka. Ya san kowace ƙasa da kayan da take aiko mana. In na karanta sunan garin da aka haɗa mu da shi, sai ya ce in bar wannan, in gaya masa me suke turowa. In na ce katako, sai ya gyaɗa kai: "Masu katako. Mutanen sanyi ne, ba sa gajiya, a yi hankali." Akwai masu taliya, waɗanda in sun zura ƙwallo ɗaya sai su kulle ƙofa su zauna a bakinta. Akwai masu madarar gwangwani, da masu agogo, da masu lemo, da masu siminti waɗanda ya tsana tun kafin a buga, saboda abin da buhunansu suka yi wa wuyansa. Shekarar da masu taliya suka fitar da mu, wata guda ya hana a dafa taliya a gidansa. Matarsa, Yaya Zainabu, ta ce ita dai ba ta ga laifin taliya ba.

'Yan wasan ma duk ya raɗa musu suna. Akwai Mai Hagu, da Ɗan Tsito, da Liman, mai tsaron gida wanda bai taɓa dariya a hoto ba. Masu cin ƙwallo ba su cika burge shi ba. In na ce wane ya zura, sai ya tare ni: "Tsaya, Sa'idu. Wa ya ba shi? Shi kuma wa ya ƙwato?" Gwaninsa wani ɗan baya ne da ya kira Sanƙo. Akwai hotonsa a kundin, a ƙasar masu katako, kai a naɗe da bandeji, dusar ƙanƙara har idon sawu. Yaya kan dafa hoton ya ce, "Wannan hammali ne irina. Shi ke ɗaukar kayan, wasu su karɓi tafi."

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga zamanin nan. Jikokina suna kallon wasa a tafin hannu, ana zura ƙwallo a can suna tsalle a nan unguwarmu ta Aziziyya, kafin a tashi sun zagi mai horarwa sun sallame shi sun ɗauko wani. Ɗaya daga cikinsu ya sauya ƙungiya sau biyu a gabana, saboda ɗan wasan da yake so ya sauya. Manyan 'yan wasan Turai kuma yanzu a nan Jidda suke taka leda, sai mutum ya hau tasi ya je ya gan su. Da can nakan ce Yaya zai taɓe baki ya ce wasan da ba a jira ba ba shi da gishiri. Yanzu ina ganin ƙarya nake yi masa. Da shi zai fara sayen wayar, ya sa a koya masa, ya cika gida da ihu. Abin da kawai zai ɓata masa rai shi ne ya tambayi yaran nan waye Liman su ce ba su sani ba.

Na kewaya da yawa. Bari in zo inda nake gudu.

A makaranta na fara jin kalmar Takruni, sunan da ake kiran mu jikokin alhazan da suka zo daga yamma. Wani ya faɗe ta ba da komai ba, wani kuma ya faɗe ta yadda sai ka ji a ƙashinka. Yaya ko a jikinsa, in an ce masa Takruni sai ya ce na'am. Ni kuwa na ɗauke ta na ajiye a ciki. Da na shiga ofis na zama Sa'id, na bar Sa'idu a gida. Na goge Larabcina har ba a jin komai a cikinsa, na daina amsa gaisuwar Hausa a bakin mina in ina tare da abokan aiki. Ba wanda ya ce in yi haka. Launin fatata yana nan kowa na gani, ba wanda na ruɗa sai kaina.

Shekara biyu kafin rasuwar Yaya, lokacin da kuɗin mai suka fara jawo Turawa masu horar da 'yan wasa zuwa ƙasar nan, wata ƙungiya a gari ta ɗauko wani tsohon ɗan wasa ya horar da ita. Mudirinmu, shugaban ofis, yana cikin manyanta, sai ya shirya wa baƙon liyafar rana a wani otal, ya ce ni zan yi tafinta. Da na ga sunan a takarda sai da na zauna. Sanƙo ne.

Ranar Juma'a na faɗa a gahawa, kuma don burga na faɗa. Yaya ya ajiye kofin shayinsa. Ya ce, "Wace rana?" Na faɗa masa, na ƙara da cewa ai taron na masu gayyata ne. Ya ce, "To ni ci zan je yi? Baƙo ya sauka a garinmu, a ce ba a kai masa kwano ba? Haba, Sa'idu." Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Na ɗauka wasa yake, alhali na san shi, na san gidan da muka tashi. Ko alhaji ɗaya ya sauka a unguwarmu daga ƙasar Hausa, Inna ba ta barin rana ta faɗi ba ta aika masa da tuwo ba.

Ranar ta zo. Bayan azahar muna tsaye a zauren otal ɗin, ni da mudir da manyan baƙi, Sanƙo a tsakiya yana share gumi. Ya tsufa, ya yi teɓa, amma shi ne. Ina cikin juya maganar wani, sai na ji sallamar nan da ake ji daga bakin mina har Balad. Na waiwaya. Ga Yaya ya shigo, sanye da babbar rigar Baba, shuɗiya mai aiki, wadda ba a fito da ita sai da salla, da hula ya kafa ta. A hannun dama langar Inna ɗaure cikin ƙyalle, tuwo da miyar kuka, ƙamshin daddawa ya riga shi isowa. Kundin kuma a hammatarsa ta hagu. Fuskarsa kamar ta ango.

Ya hango ni ya ɗaga murya da Hausa: "Sa'idu! Yalla, gaya masa mutanensa sun zo gaisuwa."

Duk mutanen zauren suka juyo. Na ga wani yana toshe hanci da gefen mayafin kansa, na ga wani yana murmushi. Mudir ya juyo ya tambaye ni da Larabci, kuma ba da faɗa ba, tambaya ce kawai: "Ya Sa'id, wane ne wannan? Ka san shi?"

Na ce, "Wani hammali ne daga mina. Ina dai ganinsa."

Da Larabci na faɗa, kamar na manta a Jidda aka haife shi. Tsakaninmu bai fi taku huɗu ba. Na ga maganar ta isa gare shi, na ga hasken fuskar nan ya ɗauke. Bai kalle ni da fushi ba, da ma ya yi. Ya dubi mudir ya ce cikin Larabcin da ya fi nawa daɗi, "Gaskiya ya faɗa, ya sidi, hammali ne ni. Abincin baƙo na kawo." Ya sunkuya da gwiwoyin nan nasa ya ajiye langar a kan wani teburi, ya gyara kundin a hammata, ya tsaya ya kalli Sanƙo kallo ɗaya mai tsawo, ya juya ya fita.

Sanƙo ya taɓa kafaɗata ya tambaye ni wane ne mutumin nan mai kyakkyawar riga, kuma littafin mene ne a hannunsa. Allah ya sake buɗe mini ƙofa ke nan. Da na ce a kira shi, bai kai bakin titi ba. Na ce ai ɓatan hanya ya yi. Wani ma'aikacin otal ya zo ya ɗauke langar ya yi ciki da ita, aka shiga cin abinci, na ci gaba da tafinta har aka watse. Mudir ma ya yaba mini.

Yaya bai taɓa tayar da maganar ba, ko sau ɗaya. Daga baya na ji cewa da Yaya Zainabu ta tambaye shi langar Inna, sai ya ce baƙo ya riƙe, alamar tuwon ya yi masa daɗi. Da abokansa na gahawa suka tambaya ko ya gana da Sanƙo, ya ce ya gan shi ido da ido, ya yi ƙiba. Bai faɗi ƙarya a kaina ba, bai kuma faɗi gaskiyar da za ta tona ni ba. In mun haɗu a gida yakan tambayi aiki, ya tambayi yara, ya tura mini nama gabana a kwano kamar kullum.

Ni ne na kasa. Juma'ar da ta biyo na ce aiki ya riƙe ni. Ta gaba na ce zazzaɓi. Daga nan ma na daina neman dalili. Sau biyu ya aiko a gaya mini jirgi ya shigo, jaridu sun iso, na ce ina nan zuwa. Ba ƙin sa nake yi ba, Allah ya sani. Idonsa nake tsoro. Kullum ina cewa sai na shirya kalmomin da suka dace, in same shi shi kaɗai, in durƙusa. Na yi ta shiri har ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Na je asibiti sau da yawa, amma koyaushe da mutane, kuma a raina ina jin daɗin samun mutanen. Ranar da ya cika ina ofis.

Bayan an yi bakwai, Yaya Zainabu ta kira ni ta miƙo mini kundin a cikin zanen gado. Ta ce, "Ya ce naka ne. Ya ce kai ne ka san karatunsa." Na kai shi gida na sa a saman kabad, na fi shekara ban taɓa shi ba.

Da na buɗe, sai na tafi kai tsaye shafin Sanƙo. A ƙarƙashin hoton nan na bandeji Yaya ya ja layi huɗu da alƙalami ya yi ɗan akwati, wurin da ya tanada don mutumin ya sa hannu. Akwatin fayau. A ƙasansa kuma, da ajamin nan nasa, ya rubuta: "Ya zo Jidda, na gan shi. Ƙanena Sa'idu ne bakinsa a gaban manya. Ya tsaya da kyau."

Na juya gaba. Ashe bai daina karɓar jaridu ba. Shekara biyu cur yana yankowa yana liƙawa bisa tsari, yana gane wasannin Turai da hotuna da tambarin kofin. Amma babu ajami. A ƙarƙashin kowace takarda ya bar fili daidai faɗin abin da ya saba rubutawa. Shafi bayan shafi, takarda a sama, fili a ƙasa. Na je na samu Malam Bashir a shagonsa na tambaye shi ko a shekarun nan ya riƙa gaya wa Yaya sakamako. Ya cire tabarau ya ce, "Na yi ƙoƙari, ya akhi. Sai ya ce in rufe bakina, ba a buga ba tukuna, Sa'idu bai karanta ba." A cikin waɗannan shafuka akwai tafiya mafi nisa da yaranmu suka yi a Turai a tsawon rayuwarsa. Ya mutu bai san yadda ta ƙare ba.

Na cike filayen daga baya, da nawa ajamin mai kama da tafiyar kaza. Nakan karanta da ƙarfi, in fassara da Hausa, in faɗi wa ya ba da ƙwallo da wanda ya ƙwato, sannan in rubuta. Ban ɗauka hakan ya biya komai ba. Akwatin sa hannun dai yana nan yadda ya bar shi, Sanƙo ma na ji ya daɗe da mutuwa.

Gahawar ta rufe, buhunan da suka karya shi yanzu inji ke ɗauka, ɗakunan ajiyar kayan sun koma can Khumra a bayan gari, ba kuma wanda ke jiran jarida daga jirgi. Abin da ya rage na Yaya shi ne kundin takardar siminti, da 'ya'yansa mata uku da ba sa barin baƙo ya sauka a layinsu ba su aika da kwano ba, da kuma ni. Ku matasan magoya baya da kuke neman tarihin ƙungiyarku, ku sani a cikinsa akwai wani mutum a bakin Bahar Maliya da ya bi ta ƙasa ƙasa shekara ashirin, bai taɓa ganin ta buga ko minti ɗaya ba, bai kuma taɓa jin kunyar cewa tasa ce ba. Ni da aka ba ni ɗan'uwa irin wannan, na ji kunyarsa a gaban mutanen da yau ko sunayensu ban riƙe ba.

Mudir ya rasu, duk waɗanda suka tsaya a zauren nan sun rasu, amma tambayar da ya yi mini tana nan, kuma amsar da na bayar ƙarya ce. Ga ta gaskiya, a rubuce, inda kowa zai gani. Na san shi. Sunansa Hamza, hammali ne a minar Jidda, Bahaushe ne ɗan Bahaushe. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma da bayansa na koyi Turancin da na tsaya ina yi a gabanku. Allah ya jiƙansa, ya sa ya yafe mini.